Dan Allah mu fitar da maganin gona daga ɗakin da yara ke kwana

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Maganar yau ba mai daɗi ba ce amma dole a yi ta, don zafi ya shigo, kuɗin cizo da kyankyasai sun fito, kuma yanzu ne kowa ke neman abin da zai fesa a ɗaki ya samu ya runtsa.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da yara huɗu biyar a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango nan Kumasi, ga zafin watan Maris ga an ɗauke wuta fanka ta tsaya, ga kuɗin cizo na fitowa daga ɗinkin katifa da tsagar bango, ya san abin da ke sa uwa ta tashi da asuba ta ce yau ko ni ko ƙwarin nan. Wallahi ba na ganin laifinta. Yaro ya wayi gari jiki duk ya yi rudu-rudu yana susa har ya zama gyambo, ya je makaranta yana gyangyaɗi malam na faɗa. To sai a nufi kasuwa. Na gwangwani mai rajista yana da tsada kuma bayan sati biyu ƙwarin sun dawo, sai wata ta ce miki ai akwai mai ƙarfi irin na manoma, ɗan kaɗan za ki ɗiga ki ga aiki. Mai sayarwa ya tsiyaya miki a robar lemo ko wata 'yar kwalba, ba suna ba takarda ba komai a jiki, ki ba shi 'yan sidi ki jefa a jaka tare da tumatur da kifin miya ki hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, ki dawo gida.

Abin da ke cikin irin robar nan sau da yawa shi ne wanda masu shagon kayan gona ke kira DDVP, cikakken sunansa dichlorvos. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun san shi da fiya-fiya ko Sniper, kuma can ma ɓarnar da ya yi ce ta sa hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna a 2019. Don gona aka yi shi da ɗakin ajiyar hatsi, mai fesawa ma ana so ya rufe hanci ya sa safar hannu. Ba a yi shi don ɗakin da jariri ke rarrafe ba.

Ƙanwata nos ce, ita ta zaunar da ni ta yi min bayanin yadda yake aiki, kuma ina so ku ma ku gane don in kin gane ba za ki ƙara yi masa kallon ruwan banza ba. A jikin mutum jijiya ce ke aika saƙo, ta ce wa nama motsa, ta ce wa baki kawo miyau, ta ce wa hanji yi aiki, kuma da saƙon ya isa akwai wani sinadari da Allah ya halitta a jiki da ke share shi don abin ya tsaya. To gubar nan wannan sinadarin take kamawa ta hana shi aiki, sai saƙo ya yi ta zuwa babu tsayawa, kamar famfo ne aka buɗe aka cire kan. Shi ya sa yaron da ya sha za ki ga miyau na dalala, hawaye, gumi sharkaf, amai, zawo, fitsari, naman jiki na rawa shi kaɗai, baƙin idonsa ya tsuke ya koma ɗan mitsitsi kamar an ɗiga da bakin allura. Mafi muni ruwa da majina su cika ƙirji, ki ji numfashi na kakari, a ƙarshe naman da ke jan numfashin ma ya gaji ya tsaya. Yawanci ta nan ajali ke zuwa, ta numfashi.

Kuma ba sai ya sha ba fa. Yana shiga ta fata, yana shiga ta hanci. Mun fesa a ƙasa da ƙafar gado da tabarma, mun rufe ɗaki awa ɗaya mun buɗe mun ce wari ya tafi, to waye ke rayuwa a ƙasan? Ba ni ba, ba maigida ba, ɗan wata takwas ne da ke jan ciki yana shafa siminti yana kai hannu baki. Ɗan shekara biyu nauyinsa kamar kilo 12 ne, numfashinsa ya fi namu sauri, abin da babba zai ji ɗan ciwon kai ya wuce shi kuwa zai iya kwantar da shi. Ƙananan yara kuma ba lallai su nuna duk alamun nan ba, wani kawai za ki ga ya yi laƙwas wuya ya saki, barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, ko ya kama jijjiga.

Nan ne wurin da muke asarar lokaci. Yaro na jijjiga kumfa na fita a baki ido ya juye, abin da ke fara zuwa ran mutanenmu shi ne iska ce, ko an yi masa baki, ko farfaɗiya, sai a ruga kiran malam a kawo hayaƙi a sa masa cokali a baki. Ni ban raina addu'a ba, Allah ya sani, amma addu'a ana yin ta a cikin mota ma. A tofa masa ana tafiya. In kin ga yaron da ke wasansa lafiya lau ya rikice farat ɗaya, ki sunkuya ki shinshina bakinsa da rigarsa, in kin ji wari kamar kananzir ko tafarnuwa, ki tambayi gidan kaf wa ya fesa abu yau, wa ya ajiye kwalba a ina. Kuma dan Allah wadda ta san ita ce ta faɗa, kar tsoron miji ko uwar miji ko surutun gida ya sa ta yi shiru, faɗa ana iya yin sa gobe.

A gidan hayar da muka taɓa zama abin ya faru a kan idona. Wata maƙwabciyata ce, yarinya ce ma da ɗanta na fari, mijin ya sayo maganin a robar lemo ya tura ƙarƙashin gado can ƙurya yana ganin ya ɓoye. Ita tana tsakar gida tana wanki, yaron ya shige ɗaki, can sai muka ji tari da kuka wani iri. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, kuma abin da na fara ji a bakin kowa shi ne a kawo manja, a kawo manja. Wata ta riƙe hannu wata ta matse kumatu, wata na cewa madara ta fi. Allah ya taimaka akwai wata dattijuwa Asante da ke ɗakin ƙarshe wadda ta yi aikin shara a asibiti shekaru, ita ta kutsa ta fizge kwalbar manjan tana faɗa da Hausarta da Twi a haɗe, ta tuɓe wa yaron riga ta sheƙa masa ruwa da sabulu ta ce wa uwar, 'yata ɗauki robar nan mu tafi. Uwar na kuka tana cewa Maame ki bari ya yi amai tukuna, ta ce ba a nan ba. Yaron ya yi kwanaki a asibiti kuma ya rayu, yanzu ma ya girma yana zuwa makarantar allo, Alhamdulillahi.

Maganar manjan nan ina so in tsaya a kanta don ta zauna mana a kai sosai, daga kakanni muka gada kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Tunanin shi ne in ya yi amai gubar ta fita. To manja ba ya kashe guba, ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne, yaron da hankalinsa ya fara gushewa ba ya iya haɗiya daidai, kina ɗura masa yana ƙwarewa, man ya bi hanyar iska ya sauka huhu. In kuma ya yi aman, maganin ƙwarin nan da ma a cikin wani ruwa dangin kananzir ake narka shi, yana dawowa ta maƙogwaro sai wani ya zarce huhu ya ƙone shi, sai ga ciwo biyu, ga guba ga ciwon huhu. Ƙanwata ta ce akwai yaran da abin da suka sha bai taka kara ya karya ba, manjan da aka ɗura musu ne ya riƙe su a gado. Haka madara, haka ɗanyen ƙwai, haka ruwan gishiri (shi wannan ma kansa yana iya kashe ƙaramin yaro), haka tura yatsa a maƙogwaro. Gawayin murhu da wasu ke dakawa su jiƙa shi ma ba irin na asibiti ba ne. Kar a ba shi komai ta baki.

Abin yi ba shi da yawa kuma ba ya cin kuɗi. A fitar da shi daga ɗakin zuwa inda iska take. A cire masa kayan jikinsa a ƙulle a leda, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa har gashi da ƙarƙashin farce, mai wankewa ta sa leda a hannu don ita ma yana iya shiga jikinta. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15. In yana amai ko ya suma a kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba, don abin da ke baki ya zubo waje, a cikin mota ma haka za a riƙe shi. A ɗauki kwalbar ko robar ko takardar a tafi da ita, ko babu rubutu a jiki. Sai asibiti mafi kusa, ba kemis ba, mu nan ga Manhyia kusa ga Tafo ga Komfo Anokye wato Gee. Ana iya kiran 112, amma in ga mota a ƙofar gida kar a zauna jira. Kar a tsaya neman katin inshora, wani ya biyo baya da shi. Kuma ko yaron ya ga kamar garau yake a je, don wani lokaci sai bayan an jima abin ke tashi.

Abin da ya sa nake ta nanata gudu, irin wannan gubar tana da makari. Akwai allura ana ce mata atropine, ita likitoci ke yi suna maimaitawa har sai ƙirji ya bushe numfashi ya daidaita, ga iskar oksijin ga injin zuƙe majina, akwai kuma wata pralidoxime da ake haɗawa. Yara da yawa da aka kai da wuri sun tashi. Sannan in likita ya ce a ƙara kwana kar a matsa a ce ai ya warware mu dai a sallame mu, na san kuɗi na tafiya kasuwa na jira, amma akwai raunin da ke dawowa bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, yaro ya kasa ɗaga wuya numfashi ya sake yin ƙasa, gara abin ya same shi a gaban nos.

Amma akwai wanda ba shi da makari sam, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ƙwayoyin nan masu ruwan toka da ake sa wa a buhun masara da wake don kar ƙwari su ci, aluminium phosphide. Da ya ji danshin iska sai ya fara sakin wata iskar guba, phosphine, ba a ganin ta, ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar. Waɗanda ke bin labarai za su tuna watan Afrilun 2018 a Accra, iyaye suka sa irin wannan, mai suna Topstoxin, a ɗaki don kyankyasai, yara uku suka rasu, 'yan biyu mata masu wata tara da yayansu ɗan shekara biyu. An kai su asibitin sojoji na 37 amma rai ya yi halinsa. Gida ɗaya, yara uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau in na tuna uwar nan sai in ji cikina ya juya, don ba mugunta ta yi ba, tsabtar ɗakin 'ya'yanta take nema. Shi wannan yana farawa ne da amai da ciwon ciki da kasala da nauyin ƙirji, sai a ɗauka abinci ne ya ɓata ciki ko zazzaɓin sauro ne, a ba da magani a koma a kwanta a cikin ɗakin da gubar take. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya sun kama amai lokaci guda bayan an sa wani abu, kowa ya fita waje tukuna kafin a yi wata magana. Wannan ƙwayar ba ta da wurin zama a gidan da mutane ke kwana, ko da kuwa a cikin buhun masarar da kika jingine a bayan ƙofa ne.

Ku duba irin gidajenmu kuma. Ɗaki na jikin ɗaki, silin na falanki duk ya ɓule, wani gidan ma bangon bai kai sama ba. Kai gwauro ne ka sa abinka ka kulle ɗaki ka hau mota zuwa Tamale ko Bawku kwana uku, ka ce kafin in dawo duk sun mutu, to iskar ba ta san iyakar ɗakinka ba, maƙwabciyarka mai jego na kwance da jariri a bayan bangon. Shi ya sa nake ganin wannan ba maganar mutum da ɗakinsa ba ce. Masu gida da ke tara 'yan haya a kan kuɗin wuta da kwasar gota da layin wanke bayi, su ƙara wannan a ciki, ba mai fesa komai sai ya sanar da gida, kuma maganin gona ba ya shigowa.

Sauran hanyoyin da abin ke zuwa kun san su. Masu zuba fiya-fiya a man kitso don ƙwarƙwata su ɗaure kan yarinya da ɗankwali ta kwana da shi, fatar kai na tsotsewa dare guda cur, dan girman Allah a daina, akwai maganin ƙwarƙwata na mutane a kemis. Allin kyankyaso da ake ja a bango, yaron da ke rubutu da alli a makaranta ina zai bambanta. Maganin ɓera da ake barbaɗawa a kan kifi ko burodi a ajiye a bayan kwano. Kafur da muke zubawa a kayan jarirai, fari ƙal kamar alewa, yana fasa jinin yaran da ke da wata larurar jini da ake gada, ana ce mata G6PD, kuma muna da su da yawa a yankin nan. Sai galan ɗin da maganin gona ya ƙare a wanke a zuba mai ko ruwa, wankin ba ya fitar da shi. A jihar Bihar ta Indiya a Yulin 2013 yara 23 suka mutu bayan cin abincin rana a makaranta, man girkin ne ya gurɓata da maganin ƙwari monocrotophos. 'Yan'uwanmu da ke zuwa aikin gonar koko su dawo da ragowar magani da galan, a bar su can.

Na san abin da wata za ta ce, to Hajiya mun ji, kuɗin cizon fa, mu zuba musu ido su cinye mu? A'a. Amma gaskiyar ita ce zafi ya fi kashe su a kan feshi, don ƙwansu na ɓuya a inda feshi ba ya kaiwa, shi ya sa suke dawowa. Ruwan zafi mai tafasa a kan katakon gado da duk wata mahaɗa, zanin gado da labule a jiƙa a ruwan zafi a bi da dutsen guga musamman wajen ɗinki, katifa a fitar rana a kankare ɗinkinta da buroshi, wadda ta riga ta lalace a haƙura da ita, tsagar bango a liƙe da siminti, gado a janye shi daga jikin bango. A maimaita bayan sati ɗaya zuwa biyu don waɗanda suka ƙyanƙyashe. Akwatin ɗan makarantar kwana in ya dawo hutu a buɗe shi a tsakar gida kafin ya shiga ɗaki. Aiki ne mai wahala, kuma in ɗaki ɗaya ya yi sauran ba su yi ba aikin banza ne, sai gida ya sa rana ɗaya kowa ya fito da kayansa. Sauro kuwa ga gidan sauro ana ba mu a awo.

In dole sai an yi feshi, a sayi wanda aka rubuta na cikin gida ne, a cikin gwangwaninsa na asali mai lambar rajistar EPA, wato hukumar kare muhalli ta Gana, don su doka ta ɗora wa rajistar maganin ƙwari a ƙasar nan. Na gona za ki ga wani zane mai launi a gindin takardar, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, kuma koren ma ba na ɗaki ba ne. A fitar da yara da abinci da kwanuka, a buɗe taga iska ta ratsa sosai, a goge ƙasa da sabulu kafin mai rarrafe ya sauka. Abin da ya rage a sa a akwati mai kwaɗo a sama, ba ƙarƙashin gado ba, ba bayan ƙofa ba, ba kan taga ba, ɗan shekara uku yana jan kujera ya hau.

Masu sayarwa a tebur da masu yawo da shi a tasha, na san abinci kuke nema, amma ku ji tsoron Allah ku daina tsiyaya wa mutane a robar lemo. Ina roƙon limamanmu su taɓo maganar a huɗuba, malaman islamiyya da shugabannin mata su faɗe ta a wajen suna da biki da taron adashi, don iyaye mata da yawa ba za su karanta wannan ba, ku da kuka karanta ku karanta wa Mma da Kaka.

Wadda kuma ke da irin robar nan a ɗaki yanzu haka, kar ki juye a gota ko bayi, kar ki jefa a bola inda yara ke tsince-tsince, kar ki ƙona. Ki sa leda a hannu ki ɗaure murfin da kyau, ki saka a wata ledar ki rubuta GUBA da manyan baƙi, ki kai wa shagon kayan gona mai lasisi ko malamin gona ki tambaye su yadda za a yi da ita.